Garka ma tarihi ce

Duk ɗan lakwal a Damagaram ya san sunan Sarki Tanimun. To amma wa zai faɗa maka wanda ya dasa mangwaron Mirya ko dabinon Gidimuni? Mun bar tarihi a fada, mun manta da na bakin rijiya.

Tsofaffin masu garka na tafiya ɗaya bayan ɗaya, magada na yanka filin su sayar a yi gini.

Ƴan uwa, ba sai mun jira gwamnati ba, kowa na da salula. Je ka tambayi kakanka: wa ya haƙa rijiyar nan, daga ina irin ya zo? Ɗauki muryarsa, kowane gari ya kafa ƙungiyar da za ta adana. Tun yana da rai.