RA'AYINMU: A Bar Abokan Majinyata Su Yi Aikinsu a Galtimari

Wannan magana ce da yawancin mutanenmu ba su son a ta da ita a bainar jama'a, amma tun da rayuka ne a ciki, tilas mu faɗa. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na baligan Nijeriya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. To, amma a tsakanin maza masu neman maza, wani jerin bincike na gwamnati ya sami kashi 13.5 a 2007, ya hau 17 a 2010, ya kusa 23 a 2014, a 2020 kuwa mutum ɗaya ne cikin huɗu.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Ikko ce. Irin waɗannan maza suna nan a Maiduguri kamar kowane babban gari, har da unguwanni irin su Galtimari, kuma da dama cikinsu magidanta ne. Cutar da miji ya ɓoye, matarsa za ta same ta, wataƙila har da jaririn da take shayarwa.

Me ya hana su zuwa asibiti? Tsoro. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta yanka ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga duk mai hannu a ƙungiyoyinsu. Wani nazari da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya gano masu jin tsoron neman magani sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar. Mutumin da ke ganin kowace tambayar malamin asibiti tarko ce, ba zai zo gwaji ba sai ciwo ya kwantar da shi.

Wanda yake amincewa da shi ɗaya ne, wato ɗan'uwansa da suke cikin hali guda. Shi ne zai raka shi gwajin jini, ya ba shi kwaroron roba, ya tuna masa ranar karɓar magani, ya biyo shi gida in ya ga ƙafarsa ta ɗauke. Aikin ba ƙarami ba ne, domin likitoci sun tabbatar wanda ya dage da shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jininsa, ba ya sa wa abokin kwanansa. Baƙaƙen fatar Amurka masu irin wannan hali sun gane haka tuntuni. Tun 1986 suka kafa ƙungiyar taimakon juna a birnin Niyok. Duk da haka a 2016 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa, in ba a canza hanya ba, rabinsu za su kamu da cutar a rayuwarsu. Ina ga namu da ke ɓoye?

Galtimari kuwa ta ga ta kanta. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwar, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wanda ruwa ya tafi da katinsa da maganinsa, alhali ko iyalinsa ba su san yana sha ba, wa zai faɗa wa? Ba a gama farfaɗowa ba sai Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, kuma da kuɗin ne ake biyan da yawa daga cikin waɗannan abokan majinyata ɗan abin mota.

Ba mu ce kowa ya sauya ra'ayinsa a kan wannan ɗabi'a ba. Wa'azi aikin malamai ne, jinya kuwa hakkin Ma'aikatar Lafiya ce, kuma a 2014 ɗin nan dai aka yi dokar hana nuna wa masu ƙanjamau bambanci. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Borno ta ɗauki nauyin alawus ɗin masu wannan aiki daga kasafinta, ta ba su katin shaidar ma'aikatan lafiya na sa-kai, ta kuma ja kunnen ma'aikatan asibiti a kan tona asirin majinyaci. Kwamishinan 'Yan Sanda shi ma ya sanar da yaransa cewa kwaroron roba ko kwalbar magani a aljihun mutum ba shaidar laifi ba ce.