Gurbin karatu ya samu, saura makwanci: Halin da 'ya'yan zango ke ciki a jami'o'inmu

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen ɗaliban da suka ɗauka, murna kan cika gidajenmu na zango, tun daga Nima da Mamobi da Madina a Accra, har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi. Uwa ta rangaɗa guɗa, maƙwabta su shigo barka, a yi sadakar koko da ƙosai. Amma mu da muke riƙe da ƙungiyoyin matasa mun san cewa ba a cika mako biyu sai murnar ta koma ciki, domin a lokacin ne iyaye kan fara yi mana sallama da tambaya guda: yaro ya samu makaranta, to a ina zai kwana?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumba na 2017 ne gwamnatin Nana Akufo-Addo ta soma shirin karatun sakandare kyauta. Ko mutum yana jam'iyyar da ta kawo shirin ko ba ya ciki, ba zai musa cewa 'ya'yan talakawa da dama, ciki har da ƙannenmu, sun samu shiga ajin da a da kuɗi ke hana su ba. Rukunin farko ya kammala a 2020, kuma tun daga lokacin ake ta tururuwa zuwa ƙofar jami'a. Sai dai kuma an faɗaɗa hanyar shiga, ba a faɗaɗa ɗakin kwana daidai da ita ba. A Jami'ar Ghana da ke Legon, tsofaffin gidajen kwana guda biyar, wato Legon da Akuafo da Commonwealth da Volta da Mensah Sarbah, an gina su ne tun shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da ɗalibai ba su taka kara sun karya ba. An ƙara wasu daga baya, irin su Hilla Limann da Elizabeth Sey, amma kuɗinsu ya fi na tsofaffin, kuma duk da haka ba su isa ba. A jami'ar KNUST ta Kumasi kuwa, sabon ɗalibi ake fara bai wa gado, idan ya gama shekarar farko sai ya fita ya nemi ɗaki a gidajen 'yan kasuwa da ke Ayeduase ko Kotei ko Bomso, inda mai gida ke yanka farashin da ya ga dama, kuma yawanci kuɗin shekara yake so a dunƙule.

Gaskiya ne gwamnatoci sun taɓuka ta fuskar kuɗin karatu. A 2022 an cire sharaɗin kawo mai tsaya wa ɗalibi kafin ya karɓi bashin karatu, aka ce katin ɗan ƙasa ya wadatar. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne gare mu, domin a da akasari ma'aikacin da ke zuba kuɗi a asusun fansho na SSNIT ake nema, alhali iyayenmu mahauta ne da direbobi da teloli da masu sayar da wake da shinkafa, waɗanda ba su da suna a wannan littafi. A watan Yuli na 2025 kuma Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati. Amma abin lura shi ne, kuɗin karatu aka ɗauke, kuɗin ɗaki yana nan a wuyan uba. Sannan shi kansa katin ɗan ƙasar, kowa ya san irin tambayoyin da ake yi wa mai suna Haruna ko Bello kafin ya same shi, ko da kuwa a nan aka binne cibiyar kakansa. Wanda bai riƙe katin ba, ƙofar bashin a rufe take gare shi.

Wasu iyayen kan ce, ai ba dole sai an kwana a makaranta ba, yaro ya riƙa zuwa daga gida. Wannan magana za ta iya yi wa ɗan Madina da ke karatu a Legon, amma ba za ta yi wa ɗan Kumasi da aka tura Cape Coast ko Winneba ba. Shi ma na kusan, mu da muka tashi a gidan haya mun san yadda abin yake: ɗaki guda mutum shida, rediyo na tashi nan, talabijin can, ga layin banɗaki da asuba, ga cunkoson hanya kafin a kai aji. Ɗalibin da ke fama da wannan ba zai yi gogayya da wanda ke tafiyar minti biyar zuwa ɗakin karatu ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen 'yan'uwanmu mata. Bara wata ƙanwarmu a unguwa ta samu gurbi a wata jami'ar gwamnati da ke nesa da gida. Ranar da aka buɗe shafin neman ɗaki a intanet, muna zaune da ita da wayoyi uku, kafin mu gama cike suna aka ce gadaje sun ƙare. Ɗakin da muka samo a waje, gidan maza da mata ne a cakuɗe, mahaifinta ya ce ba da yawunsa ba. Ba mu ga laifinsa ba, amma yau yarinyar tana tsaron shagon yayarta. Irin wannan ba ya shiga lissafin kowa, domin a takarda an ɗauke ta, ita ce dai ba ta zo ba.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne rigingimun gidajen kwana. A ranar 22 ga Oktoba, 2018, ɗaliban KNUST sun yi zanga-zangar da ta kai ga ƙone-ƙone da rufe jami'ar, bayan doguwar taƙaddama kan mayar da gidajen maza na Katanga da Conti na haɗaka, da kuma kame wasu ɗalibai da aka yi. A watan Agusta na 2022 'yan Commonwealth da na Mensah Sarbah suka gwabza a Legon, aka ƙona mota, lamarin da ya sa hukumar jami'ar ta fitar da tsofaffin ɗalibai maza daga gidajen biyu, har magana ta kai kotu. A wannan watan dai 'yan Katanga da Conti suka sake karawa, hukumar KNUST ta rusa shugabancin ɗalibai na gidajen kwana. Ba ma goyon bayan ɓarna ko kaɗan. Amma idan aka yi hukuncin kan mai uwa da wabi, ɗan mai kuɗi ya koma ɗaki mai tsada ya ci gaba da karatunsa, ɗan talakan da bai jefa dutse ba shi ke rasa gado mai araha.

To, ina laifinmu mu kanmu? Na farko, yaranmu da ke ciki sun taƙaita kansu ga masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA. Wannan abu ne mai kyau, amma ba a can ake zama kan kuɗin ɗaki ko jadawalin darasin da ya faɗa lokacin sallar Juma'a ba. Majalisar wakilan ɗalibai ta SRC da ofishin shugaban kula da harkokin ɗalibai, su ne wuraren da ake kai kuka a saurara, kuma wanda ba ya wurin rabo, da abin da aka rage zai tashi. Na biyu, muna kashe kuɗi a anko da bikin suna da kiɗan aure abin da zai biya wa yaro ɗakin shekara, sannan mu ce gwamnati ta manta da mu.

Abin da ya kamata mu tuna shi ne, kalmar zango kanta masauki take nufi. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi, ba su taɓa kwana a waje ba, domin kowane gari akwai mai masauki da ke karɓar baƙo, ya ba shi ɗaki, ya tsaya masa. Abin kunya ne a ce jikokin waɗannan mutane su ne ke rasa wurin ajiye tabarma a garin da ke da zango.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da limamai, musamman na garuruwan da ke da jami'a, da su buɗe rajistar gidajen da za su iya sauke ɗalibi ɗaya ko biyu a kan kuɗi mai sauƙi, tare da ware gidajen da dattijai mata ke riƙe da su domin 'yan mata. Muna kira ga attajiranmu da su san cewa gina gidan kwanan ɗalibai a matsayin waƙafi sadaka ce mai gudana, kamar gina masallaci. Asusun raya zango da aka kafa da dokar 2017, da asusun ilimi na Limamin Ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, su ma muna roƙon su sa batun makwanci a sahun gaba. Filin ƙwallo yana da daɗi, mu ma muna bugawa, amma ba ya yaye likita.

Mu matasa kuma namu aikin shi ne mu tabbatar kowane ɗan aji uku na sakandare a unguwa ya mallaki katin ɗan ƙasa kafin sakamako ya fito, mu kafa adashin kuɗin ɗaki tun da wuri, mu kuma haɗa sababbin ɗalibai da yayyensu da ke ciki. Da yawanmu a sakandare muka tsaya, ba don ba ma so ba. Ba za mu so ƙannenmu su kai bakin ƙofa su juyo saboda gado ba. Allah ya sa masu faɗa a ji su ji.