Matuƙin jirgin Kano ya kwana a Kano

An saba cewa matuƙin jirgin sama ba ruwansa da nisa: ya ajiye iyali a Legas ko Abuja, ranar aiki ya hau jirgi ya sauka Kano ya karɓi nasa, ai tashi sana'arsa ce. Wasu ma wayewa suke ɗaukar abin. Ni ban yarda ba, kuma duk mai gida a Gwammaja ko gindin Dala, inda ƙarar jirgi kan katse hira a zaure, yana da haƙƙin ƙin yarda.

Dokar aiki tana ƙirga awannin da matuƙi ya yi a sama, ta yanka masa lokacin hutu. Ba ta bin sa ta ga inda ya kashe lokacin. In cunkoson Ikeja da kujerar ɗakin jira suka cinye shi, a takarda dai ya huta. Idonsa kuwa ya san gaskiya.

Amurka ta ɗanɗana wannan. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu, ɗayansu yana zaune cikin gidansa. Mataimakiyar matuƙin a hanya ta kwana, cikin jiragen kaya, tun daga Seattle har Newark. Shi kansa matuƙin daga Florida yake zuwa aiki. Masu bincike sun ɗora laifi kan kuskurensa, amma ba su wanke gajiya ba, kuma daga baya aka tsaurara dokar hutun matuƙa a ƙasar.

Mu ba sai an ba mu labarin faɗuwar jirgi cikin unguwa ba. Ranar 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS ya rikito a Gwammaja, rayuka fiye da 100 suka salwanta, har da waɗanda ba su taɓa sayen tikiti ba. Ba gajiya ce aka ce ta jawo shi ba, amma ya nuna cewa na ƙasa ma fasinja ne ba da saninsa ba.

Ga kuma hazo. Daga Disamba zuwa Janairu jirgi kan makara ko a soke shi, matuƙin da zai zo daga nesa ya iso a wahalce. Lokacin jigilar alhazai kuwa, tashin tsakar dare ba baƙon abu ba ne.

Za a ce makarantar yara, za a ce aikin uwargida. Uzuri ne na gaskiya, sai dai Kano ba ƙauye ba ce. Garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, tun 1925, bai rasa makaranta ko asibiti ba, kuma daga Bompai ko Nassarawa zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano tafiyar 'yan mintuna ce.

Kamfanonin da suka kafa sansani a Kano, ku sama wa matuƙanku gida ko masauki mai kyau kusa da fili, ku sa shi cikin sharuɗɗan aiki. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, kuma ta riƙa tambayar matuƙi inda ya kwana kafin ya ɗauki rayukan jama'a.