Tayar da ta dace da hanyar ƙauye

Keke yana da sassa da yawa: kai, sirdi, sarƙa, feda da birki. Amma cikinsu duka, taya kaɗai ke taɓa ƙasa. Ita ke ɗaukar nauyin mutum da kayansa, ita ke haɗuwa da rairayi da ƙaya da tsakuwa. In tana da lafiya, tsohon keke ma sai ya kai mai shi inda ya nufa. In ta fashe, sabon keke ya zama kaya, mai shi ya koma ja. Duk da haka, da yawa cikin masu sayen taya ba su tambayar komi sai kuɗinta. Wannan kuskure ne, kuma talaka ya fi kowa shan wahalarsa. Hanyar da mutum yake bi kullum ita ya kamata ta zaɓa masa taya.

Gidan Sori tana cikin gundumar Gidan Rumji, a jahar Maraɗi. Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Gidan Rumji da Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram. Amma yawancin ƙauyukan yankin ba su bakin kwalta. Tsakanin ƙauye da ƙauye sai turba da burtali da hanyar amalanke. A kan waɗannan hanyoyi taya tana da abokan gaba guda uku.

Na farko shi ne rairayi. Ƙasar yankin yawancinta jigawa ce, wadda ta dace da hatsi da wake da gujiya da aya. Siririyar taya tana yanka rairayi kamar wuƙa, ta nutse, kan keke ya riƙa kaɗawa, har mahayi ya sauka. Taya mai faɗi kuwa tana baza nauyi a kan wuri mai yawa, shi ya sa ba ta nutsewa sosai. Duk wanda ya duba sawun raƙumi da sawun akuya a jigawa ya ga wannan hikima. Raƙumi ya fi akuya nauyi nesa ba kusa ba, amma faɗin tafin ƙafarsa yana riƙe shi a saman rairayi.

Na biyu ƙaya ce. Tsidau yana yaɗo a bakin hanya da damina. In ya bushe da kaka, ƴaƴansa masu tsini su zube ƙasa, kuma ko ta yaya ɗansa ya kwanta, da wuya a rasa tsini guda da ya dubi sama. Ga ƙayar aduwa mai tsawo, ga ta bagaruwa da magarya da gawo. Manoma suna yin shinge da rassan ƙaya, makiyaya suna sare rassan gawo da rani don dabbobi, iska kuma ta kwaso guntayen ta zuba a turba. Tun daga shekarar 1983 aka soma yaɗa sassaben zamani a jahar Maraɗi, wato manomi ya bar tohon itatuwa cikin gonarsa, ya gyara su har su girma. Itatuwa sun dawo gonaki da yawa, ƙasa ta samu inuwa da taki. Wannan alheri ne babba. Sai dai wasu daga cikin itatuwan masu ƙaya ne. Ba za a sare itace don keke ya wuce ba. Mai keke ne zai nemi tayar da ƙaya ba ta saurin hudawa.

Na uku rana ce. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Roba ba ta son zafi da hasken rana. Tana bushewa, gefenta ya tsattsage kamar ƙasan tabkin da ya ƙafe. Tayar da ta tsattsage ta mutu, ko da haƙoranta ba su cinye ba.

Tayar iska ta daɗe a duniya. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a ciki. A 1891 ƴanʼuwa biyu na gidan Michelin, a Faransa, suka fito da tayar da ake iya cirewa a gyara, a mayar. Keken hawan dutse kuwa, wanda masu jin Faransanci ke kira VTT, ya zo daga baya. Wasu samari ne a jahar Kalifoniya ta Amurka suka soma shi cikin shekarun 1970, suna gangarowa daga kan duwatsu da tsofaffin kekuna masu manyan tayoyi. A 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera irinsa da yawa don sayarwa. Daga nan ya bazu, har ya iso kasuwannin ƙasar Hausa, sabo da ɗan gwanjo, ya tarar da dogon keken nan na da, irin su Raleigh da Phoenix.

A nan akwai abin lura. Su waɗancan samari don wasa da tsere suka yi kekensu, a ƙasa mai duwatsu da gangare. Manomin Gidan Sori kuwa aiki yake yi da nasa, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi. Ke nan ba kowace tayar keken dutse ce ta dace da shi ba. Tayar tsere sirantar fata gare ta, don kada ta yi nauyi, ƙaya guda ta isa ta kashe ta. Mai manyan haƙora kuma, an yi ta ne don taɓo da gangare. A jigawa haƙoran suna tona rairayi, a kan kwalta suna gurnani suna gajiyar da ƙafa. Ga kyan gani a kasuwa, amma kyan gani ba ya tuƙa keke.

To, me ya kamata mai saye ya duba? Abubuwa huɗu ne.

Da farko ya karanta lambar da ke rubuce a gefen tsohuwar tayarsa. In ya ga 26 x 1.95, lambar farko girman ƙafar keken ce, ta biyu faɗin tayar ce, duka da inci. Inci guda santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Sau da yawa akwai wata lamba kusa da ita, kamar 50-559. Wannan da milimita take, kuma ta fi gaskiya: 50 faɗi, 559 girman bakin da ke zama a kan ƙarfen ƙafa. Dogon keke na da yana ɗaukar 28 x 1½, wato 40-635. Akwai ma tayar da aka rubuta wa 26 x 1⅜, wadda bakinta 590 ne. Ko da yake ita ma 26 ce, ba ta shiga ƙafar keken dutse. Mutum nawa ya kai irinta gida, ya tarar ya yi asarar kuɗinsa? Ɗan lakwal da ya iya karanta waɗannan lambobi ya iya tsare wa mahaifinsa wannan asara.

Na biyu, ya duba faɗi. A hanyar rairayi, tayar da ta kai inci 2 ko ta ɗan wuce, kamar 26 x 2.125, ta fi siririya daɗin tafiya. Sai dai a tabbata ba ta gogar ƙarfen keken ta kowane gefe.

Na uku, ya duba kauri. Ya sa yatsa ciki, ya matsa tsakiyar tayar da gefenta. In ta yi laushi kamar tsumma, ƙaya ba za ta sha wuya ba. Taya zare ce aka saƙa, aka lulluɓe da roba. Mai kaurin zare da yawan roba ta fi nauyi, amma ta fi jimiri. Wasu kamfanoni suna shimfiɗa wani ƙyalle mai tauri a ƙarƙashin haƙoran, don ya tare tsinin ƙaya kafin ya kai ga tub. Irin wannan ta fi tsada, kuma ta cancanci kuɗinta.

Na huɗu, ya duba haƙora da shekaru. Gajerun haƙora masu kusa da juna sun fi dacewa da turba da kwalta gaba ɗaya. Sannan ya lanƙwasa gefen tayar a cikin haske. In ya ga ƙananan tsaga, ta tsufa a ajiye, ko da ba a taɓa hawa kanta ba. Keken gwanjo yakan zo da irin wannan taya, wadda ta yi shekaru a wata ƙasa kafin ta hau jirgin ruwa.

Wani zai ce: «Ai duk wannan maganar masu kuɗi ce. Talaka abin da ke hannunsa yake saye da shi, in ta fashe ga mai faci.» Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, don ba a sayen abu da kuɗin da babu. Amma a yi lissafi a gani. Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka waɗannan lambobi na misali ne kawai. A ce tayar arha jika 2 da rabi ce, tana yin wata 4. A shekara za a sayi 3, wato sefa 7.500. A ce kowane mako ana yi mata faci sau ɗaya a kan dala 20, wato sefa 100. Mako 52 ya ba da sefa 5.200. Jimla sefa 12.700. A ce kuma taya mai kauri jika 6 ce, tana yin shekara guda, ana yi mata faci sau ɗaya a wata. Sefa 6.000 da sefa 1.200 sun zama sefa 7.200. Wanda ya gudu daga tsada ya biya sefa 5.500 fiye da wanda ya daure ya saya. Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga wannan lissafi. Ɗalibin da ke zuwa kwaleji daga ƙauye mai nisan kilomita 8, in tayarsa ta sace a tsakiyar hanya, ya rasa darasin safe. In abin ya yawaita, karatu ya fita ransa. Mai kai buhun wake kasuwa ya isa bayan masu saye sun watse. Wanda aka aika ya sayo magani ko ya kira ungozoma da dare ba ya da lokacin neman mai faci, kuma a daji babu shi. A irin wannan rana ake sanin darajar taya.

Wanda ba ya da kuɗin taya biyu masu kyau lokaci guda, ya fara da ta baya. Ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ke tura keke, ita ke saurin cinyewa, kuma ita ta fi wuyar cirewa a hanya. Lokacin saye kuma kaka ne, sa'ad da aka sayar da amfanin gona kuma tsidau ya bushe. Akwai ma dabarar da masu gyaran keke suka sani: a sami tsohuwar taya, a yanke bakinta mai waya, a shimfiɗa sauran cikin sabuwar, tsakaninta da tub. Keke zai ɗan ƙara nauyi, amma sai ƙaya ta huda fata biyu kafin ta kai ga iska. A wasu ƙasashe masu keken dutse suna amfani da taya marar tub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai toshe ƙananan huji da kansa. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar ƙafa ta musamman, ruwan kuma yana bushewa da sauri a ƙasar zafi. Mutumin ƙauye ya fi samun kwanciyar hankali da abin da mai facin garinsu zai iya gyarawa.

Taya mai kyau ma sai da kulawa. Iska ta zama daidai. In ta yi yawa, taya ta yi tauri, ta nutse a rairayi, kuma zafin rana ya ƙara kumbura ta. In ta yi kaɗan, ƙarfen ƙafa ya danne tub a kan dutse ko saiwa, ya yi masa huji biyu kusa da juna kamar saran maciji. A ajiye keke a inuwa, kada a bar shi tsakar gida rana ta dafa shi. In an dawo daga tafiya, a juya ƙafa a hankali a cire ƙayar da ta maƙale, don wata ƙayar sai ta kwana biyu tana shiga kafin ta huda tub. In an yi faci, a shafa cikin tayar da yatsa a nemo tsinin da ya yi ɓarnar, in ba haka ba zai sake hudawa a wuri guda. Kada kuma a ɗora wa keke kayan jaki.

Masu sayarwa su ma suna da nasu alhaki. Wanda ya san mai saye daga ƙauye ya fito, bai kamata ya miƙa masa tayar birni don ta fi saurin fita ba. Ya tambaye shi hanyar da yake bi da kayan da yake ɗauka. Ɗan kasuwan da ya faɗi gaskiya yau, shi za a koma wa baɗi, har a kawo masa maƙwabci.

Keke ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai. Abin da yake nema wurin mai shi kaɗan ne, kuma babba a ciki ita ce tayar da ta dace da ƙasar da zai taka.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ke lalata taya a hanyar ƙauye?
2. Me ya sa raƙumi ba ya nutsewa a rairayi? Yaya wannan ya shafi taya?
3. Mene ne ma'anar lambobin 26 x 1.95 da 50-559?
4. In faci guda dala 25 ne, ana yin sa sau 2 a mako, sefa nawa za a kashe cikin mako 10?
5. Don me aka ce a fara sayen tayar baya?