Wa Ya Ce Jiya Muka Zo? Ku Fito Da Takardun Kakanninku



Kwanan baya wani yaro daga cikin 'ya'yanmu ya shigo ofishin ƙungiya idonsa jawur. Ya ci jarrabawa, saura takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ya je wani ofishi a nan, aka ce ya tafi garinsu. Ubansa ya ci bashi ya sa shi a mota zuwa Arewa, can kuma aka tambaye shi wane ne mai unguwarsu, wa ya san gidansu, ya dawo hannu rabbana. Yaron nan a Sabo aka yanke cibiyarsa, haka ubansa, kakansa kuma a nan Ibadan aka binne shi. Amma da muka tambaye shi sunan baban kakansa da shekarar da ya sauka garin nan, sai ya sunkuyar da kai. Uban ma da ya zo bai wuce "ai ana ce masa Malam Babba" ba.

Laifin waɗanda suka kore shi a bayyane yake, kuma ba za mu daina faɗa ba. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko inda asalinsa yake, na 43 ya ba shi ikon mallakar gida da fili ko'ina. Sai dai wannan tsarin mulkin shi ne a sashe na 147 ya ce kowace jiha a ba ta minista ɗan asalinta, bai kuma fayyace wane ne ɗan asali ba. Ta wannan ƙofa ake shigo mana. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan zalunci tun 2006.

To amma yau da kanmu za mu yi faɗa. In mutum ya ce maka jiya ka zo, da me za ka ƙaryata shi? Da rantsuwa?

A 1916 aka kafa Sabo, kuma Hausawan da aka tattara a cikinta dama suna zaune cikin gari kafin nan, suna fataucin goro da shanu. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Jihar Oyo kanta sai a 1976 aka ƙirƙiro ta, wato unguwarmu ta girme ta da shekara 60. Wani bature mai suna Abner Cohen ya zauna da iyayenmu, ya rubuta littafi a kan Sabo wanda ya fito a 1969, ana karanta shi a jami'o'in Ingila da Amurka. Baƙo ya zo ya rubuta mu, mu kuwa rasidin harajin kakanninmu gara na cin sa a ƙarƙashin gado, wasu ma an ƙulla ƙosai da shi. Wallahi wannan abin kunya ne.

Muna jin masu cewa tonon asali alfahari ne, wai mutum ya tsaya a kan halinsa. Ba wanda ya ce a nemo sarauta ko a raina wani. Amma yaya za a raba gado ko a sada zumunci in ba a san wa ya haifi wa ba? Akwai kuma masu ganin hanya mafi sauƙi ita ce a biya wani ya samo wa yaro takardar wani garin da bai taɓa takawa ba. Wannan ƙarya ce da ranar tonuwarta, kuma duk wanda ya yi ta ya sa hannu da kansa cewa shi ba ɗan nan ba ne.

Aikin ba sai mai digiri ba. Da yawanmu yaƙi da jahilci muka yi da furfura a kai, kuma mun iya. A fara da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wace ce ta goyi wane. In tsohuwa ba ta san shekara ba, a tambaye ta abin da ya faru lokacin: zuwan Sarauniyar Ingila 1956 ne, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Sannan a buɗe adaka. Rasidin haraji, takardar cinikin gida, tsohon fasfon aikin hajji, takardar sallama ta waɗanda suka yi yaƙin Bama, katin fansho na reluwe, littafin bashi na masu masauki da dillalan shanu, wasiƙun ajami, har da ranar haihuwa da malamai kan rubuta a bangon littafi. Kada a yar da takarda don ajami ce. Muna da masu karanta ta, amma suna ƙarewa.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, yana nan cikin Jami'ar Ibadan, kuɗin mota ɗaya daga Sabo. A can ake ajiye fayil-fayil na lardin Oyo na zamanin Turawa. Wani reshen yana Kaduna ga mai bin sawun kakansa zuwa Arewa. Mutum nawa cikinmu suka taɓa leƙawa? Ɗalibanmu da ke jami'ar kullum suna wuce ƙofar. Wanda zai je ya tafi da haƙuri, domin Turawa da akawunansu sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, kuma kakanninmu da sunan gari ko laƙabi aka fi saninsu. A nemi mutum ta sunansa, ta sana'arsa, ta maigidan da ya sauke shi.

Kada mu yaudare ku. Rasidin 1940 ba zai tilasta wa kowane ofishi ya ba ɗanka takardar asali gobe ba, doka ba ta ce haka ba tukuna. Amma in muka je gaban majalisa ko kotu muna neman a daidaita wanda aka haifa a wuri da ɗan asalinsa, gidaje ɗari da shaidar zuriya huɗu a rubuce sun fi ƙarfin surutu. Kuma waɗanda suka ga gobarar kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 sun san takarda ɗaya tilo ba ajiya ba ce. Kowa ya yi kwafi biyu, ya ɗauki hoto a waya, ya yi wa jarirai rajistar haihuwa a hukumar ƙidaya.

Ƙungiya ta buɗe littafi. Kowane maigida ya kawo sunayen gidansu har inda aka sani, da abin da ya samu na takarda. Za mu kwafa mu mayar masa da abinsa a take, ba za mu riƙe na kowa ba. Ana zama kowace Asabar bayan la'asar. Tsohuwar da ba ta iya fitowa, a sanar da mu, za mu aika 'yan mata da biro da littafi har ɗakinta.

Sakataren ƙungiya