WA KE ZAƁEN MARASA GALIHU A CHIKAJI?

A shekarar 2014 Nijeriya ta kafa dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018, shekarar da Jihar Kaduna ta yi dokar hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. A 2022 kuma aka wajabta inshorar lafiya a kan kowa, tare da tanadar asusu domin marasa galihu. Amma har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fitowa.

Hakika kuɗin da ake warewa ba zai wadaci kowa ba, don haka tilas a fifita wasu a kan wasu. To, wa ke yin wannan zaɓi, kuma da wane ma'auni? Chikaji mazaɓa ce daga cikin 11 na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. A cikinta akwai zawarawa masu riƙon marayu da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Idan aka rubuta sunaye a ɗaki, ba tare da sanin jama'a ba, wanda ya san wani shi zai shiga, a bar matar da za ta sayar da akuyarta kafin ta kai ɗanta Asibitin Koyarwa na Shika.

Saboda haka muna kira ga abu uku. Na farko, a bayyana sharuɗɗan shiga da Hausa, a karanta su a masallatai da coci-coci. Na biyu, a manna a ƙofar asibitin mazaɓa adadin kuɗin da ya iso da yadda aka kashe shi. Na uku, kwamitin ci gaban mazaɓa ya zama jama'a ne suka zaɓe shi, da mata a cikinsa, kuma duk wanda aka tsallake ya san inda zai kai kukansa a saurare shi.

Dukiyar jama'a amana ce, kuma rabon da aka yi bisa shawara ko wanda bai samu ba yana iya haƙura da shi. Ya rage gare mu mu halarci zaman kwamitin nan, mu yi tambaya cikin ladabi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.