Filin Mata: Gashin Tsuntsu Da Guntayen Ulu

 

Ga shi hunturu ya juya baya, zafi ya fara leƙowa. Duk macen da ta yi saƙa bana, ko hular jariri, ko safa, ko rigar sanyi, in ta zazzage jakar saƙarta yau za ta tarar da guntayen ulu birjik. Ga ja ɗan dunƙule kamar ƙwan zabo, ga shuɗi kamar goro, ga fari wanda ko yatsa uku bai naɗe ba. Babu wanda zai isa hula, balle riga. Abin da a kan yi da su kuwa kowa ta sani: ran da aka yi shara sai a haɗa da su, su tafi juji ko kwata.

To, wannan hasara ce. Ku matan Unguwar Kanawa, da maƙwabtanku na Unguwar Shanu da Badarawa da Kawo, kun san abin da ku ke kashewa kafin ku je babbar kasuwa ta Shaihu Abubakar Gumi ku sayo ulu ku komo. Mai kanti bai rage muku ko kwabo ba don ƙarshen dunƙulen zai ragu. Kun biya kuɗinsa tun daga bakin zare har wutsiya. Bayan haka, yawancin ulun da ke kasuwa yanzu na roba ne, ba ya ruɓewa. In ya shiga kwata sai ya tare shara, ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida. In ya faɗi a tsakar gida sai ya naɗe ƙafar kaza har ta gurgunce. Saboda haka yau za mu koyi yadda a ke mai da guntayen nan gashin tsuntsu na ado.

Kada wata ta ce ado da gashin tsuntsu baƙon abu ne a wurinmu. Unguwar da ke amsa sunan Kanawa ita ta fi cancanta ta san labarinsa. Masu tarihin Kano sun ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara fita da figini, watau maficin gashin jimina, da kuma takalman gashin jimina. Har yanzu in an yi hawan salla a Kano a kan ga waɗannan kaya. A ƙarni na 19 kuwa ayari kan tashi daga Kano da gashin jimina da kirgi da hauren giwa, su bi ta Damagaram da Agadas har Tarabulus, daga can gashin ya wuce Landan da Faris, matan Turawa su soka a malafunansu. Kasuwar nan ta faɗi a 1914, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Farko. Yau jimina ta yi wuyar gani a dajin ƙasar Hausa. Amma mace mai kwarashi tana iya yin nata gashin a ɗakinta, ba a fige tsuntsu ko ɗaya ba.

Ga kayan aiki. Kwarashi mai kaurin milimita 3 ko 3 da rabi, shi ya dace da ulun da a ke saƙa kayan jarirai da shi. Sai almakashi mai kaifi, da allura mai babban ido, da matsefi mai ƙananan haƙora, da ɗan kwali, da sitaci kaɗan. Kafin ki fara, ki ware guntayen kashi biyu. Masu tsawo, waɗanda suka kai yadi uku zuwa goma, ki nannaɗe su daban. Gajeru, waɗanda ba su wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ki tara su cikin gwangwani. Kowane kashi da irin aikinsa. Ki kuma lura da kauri, kada ki gama siriri da kakkaura a gashi ɗaya, don gefe guda zai rinjayi ɗaya ya karkace.

Hanya ta farko ta dogayen guntaye ce. Saƙa iri biyu kaɗai ta ke bukata. Ɗaya ita ce sarƙa, wadda kowace mai kwarashi ta fara koyo da ita. Ta biyu ita ce zarge, watau ki zura kwarashi cikin ido, ki kamo zare, ki jawo shi ta cikin idon da kuma ta cikin wanda ke kan kwarashi, duk a ja ɗaya.

Ki yi sarƙa mai ido 30. Wannan shi ne ƙashin tsakiya, tsawonsa zai yi kamar inci 6. Inda kwarashinki ya tsaya nan ne kan gashin, daga nan za ki gangaro. Ki ƙara sarƙa 3, ki tsallake idon da ke kusa da kwarashi, ki komo da zarge a kan sauran har ki iso ƙashi. Kin yi reshe ɗaya ke nan. Sa'an nan ki yi zarge cikin ido biyu na ƙashin, kāna ki tada reshe na biyu da sarƙa 5, ki komo kamar dā. Haka za ki yi ta yi, kowane reshe da ido biyu na ƙashi a bayansa. Ga tsawon rassan bi da bi: 3, 5, 6, 7, 8, 8, 8, 8, 7, 6, 4. Rassa 11 ke nan, sun ci ido 22, saura ido 8. Waɗannan takwas su ne tsinken gindi, ba a yi musu reshe. Ki bi su da zarge har ƙasa, ki yi sarƙa ɗaya ki juyo, ki hau ta ɗaya gefen da zarge 8. Daga nan sai ki maimaita rassan, amma ki faro daga 4 ki ƙare a 3, don gefen nan ya yi daidai da ɗan'uwansa. In kin iso kai ki yanke zare, ki ja shi ta cikin ido na ƙarshe, ki ɓoye wutsiyar da allura ta baya.

Duk aikin nan ba zai ci fiye da yadi 10 ba. In zare ya ƙare miki a tsakiya, ba laifi, dama abin da mu ke so ke nan. Ki jona wani launi, amma ki jona shi a jikin ƙashi, kada a tsakiyar reshe, don ƙullin ya ɓuya. Abu ɗaya za ki kiyaye: kada ki matse zargen. In kika matse, gashin zai nannaɗe kamar busasshen ganye. Ki saki hannu, zare ya riƙa tafiya da kansa.

Hanya ta biyu ta gajerun guntaye ce, ita ce kuma ta fi kama da gashin gaske. Ki yi sarƙa mai ido 30 kamar dā, ki bi ta da zarge har ƙarshe don ta yi ƙarfi, ki yanke. Sa'an nan ki yayyanka guntayen daidai wa daida, kowane inci 5. Hanya mai sauƙi ita ce ki naɗa su a jikin kwali mai faɗin inci biyu da rabi, ki yanke ta gefe ɗaya. Za ki bukaci guda 46. Ki ɗauki ɗaya ki ninka biyu, ki jawo ninkin ta cikin idon sarƙa da kwarashi, ki zura bakin zaren biyu ta cikin ninkin, ki ja ya ɗaure. Ki yi 22 a gefen dama, 22 a gefen hagu, biyu a kai suna duban sama, ki bar ido 8 na gindi.

In kin gama ɗauri sai ki shimfiɗa shi a kan tire, ki danne ƙashin da yatsa, ki taje zaren a hankali, daga baki kina matsowa ciki, kamar yadda a ke taje kan yarinya. Ki riƙa karkata tajewar wajen kai, gama haka gashin tsuntsu ya ke kwanciya. Ki dama sitaci ruwa-ruwa kamar na wankin hula, ki shafa gaba da baya, ki sake tajewa, ki bar shi a kwance cikin inuwa har ya bushe ƙayau. Sa'an nan ki zana siffar gashi a kwali, ki yanke, ki ɗora a kai, ki bi gefen da almakashi. Kada ki yi aski tun yana jiƙe, kuma ki riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Abin da almakashi ya ci ba ya komowa.

Zaren auduga ya fi na roba tajuwa da shan sitaci. In ba ki san irin wanda ke hannunki ba, ki yanki ɗan guntu ki riƙe da awartaki ki kai bakin wuta, nesa da yara. Auduga ta kan ci da warin takarda ta bar toka. Gashin tumaki ya kan yi ƙaurin gashi. Na roba kuwa narkewa ya ke yi ya dunƙule baƙi ƙirin. Wannan ya nuna miki dalilin da ba a ɗora dutsen guga mai zafi a kan ulun roba. In gashin ya ƙi kwanciya, ki yayyafa masa ruwa, ki rufe da tsumma, ki danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Wajen zaɓen launi ba sai kin nemi littafin Turawa ba, malamanki suna yawo a tsakar gida da bakin kogi. Ki dubi zabo: toka-toka ne da ɗigon fari, sai ki saƙa da ruwan toka ki ɗiɗɗiga fari da allura. Belbela fara ce fat. Wutsiyar aku ja ce wur. Gauraka na da tukku ruwan zinariya, ga baƙi da fari a jiki. Ɗawisu kuwa kore ne da shuɗin ido a kai, sai ki sa shuɗi a rassa uku na sama, sauran kore. Guntun da ki ke ganin bai dace da kome ba, wataƙila shi ne zai zama bakin gashin.

Me za a yi da su in an gama? Guda biyar ko bakwai a ɗaure jikin kara mai kyau, wani sama wani ƙasa, sun isa adon bango a ɗakin amarya ran jere. Ƙanana a jera su a bakin labule ko gefen marufin kwano. 'Yar makaranta ta bar dogon zare a gindin ɗaya, ta sami abin sa alama a littafi, ta daina lanƙwasa takarda. A sa wa wani zobe ya zama mariƙin makulli, ko a ɗinka a jaka. In an gayyace ki suna ko biki, hannu kuwa ya yi gajere a watan nan, ga abin da za ki riƙa ki shiga da shi ba kunya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma ga gargaɗi ga masu goyo. Kada a rataya waɗannan inda hannun jariri zai kai, kada kuma a ɗinka musu duwatsun ado in da ƙananan yara a ɗaki, don sai su kai baki. Siririn zare ɗaya in ya naɗe yatsan jariri yana iya tsai da jini, yatsan ya kumbura. In jariri ya yi ta kuka ba a san dalili ba, a tuɓe safa a duba yatsunsa. In an ga zare ya nutse cikin nama har ba ya ciruwa, a kai shi asibiti nan da nan.

Wadda ta ke so ta sayar, to, ta yi lissafi tukuna. Ta rubuta abin da ta kashe a zobe da sitaci, ta kuma sa wa lokacinta kuɗi. Kada ta ce ai ulun na banza ne ta sayar da araha, gama ba na banza ba ne, ta riga ta biya. Mutanen Kaduna sun san darajar zare. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, ƙetaren kogi, wasu masaƙu suka biyo baya, dubban magidanta suka ci abinci a nan. Da ta rufe a 2002, gidaje da yawa sai da suka dogara ga 'yar sana'ar da uwargida ke yi a ɗaki. Haka ya taɓa faruwa a ƙasar Ailan sa'ad da yunwa ta auka musu daga 1845: mata da 'yan mata suka koyi saƙar leshi da kwarashi, a ka riƙa sayarwa a waje, abin da suka samu ya ceci iyalai masu yawa. Ba na ce gashin ulu zai riƙe gida ba. Amma hannun da ya iya wannan, gobe zai iya hula da riga da mayafin jariri, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Don haka, iyaye mata, ku miƙa wa 'ya'yanku gwangwanin guntayen nan. Ba abin da ya fi shi kyau ga mai koyo. In ta ɓata, ba a yi hasarar sabon dunƙule ba, ba kuwa dalilin faɗa. Aikin gajere ne, tana iya gama ɗaya tsakanin la'asar da magariba, ta ga abin da hannunta ya yi, ranta ya yi fari. Cikinsa za ta koyi ƙirga ido, da daidaita hannu, da haƙurin warwarewa a sake. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku kuma 'yan makaranta, sai an gama aikin gida da na malam kāna a ɗauki kwarashi, kuma a yi shi da hasken rana, kada a ƙure ido cikin duhu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda a ke harhaɗa irin waɗannan gashin a yi mafici, tun da zafi ya ƙarato. Kafin nan kowa ta tanadi guda tara masu tsawo ɗaya.